Yaron ya girma, jarumin ya ƙi girma: me ya raba kan masu kallon Shazam na biyu?

A ƙofar gidanmu aka fara musun bayan sallar isha'i, kuma har aka ɗauke wuta aka dawo da ita ba a gama ba. Ƙanina ne da abokansa su huɗu a kan benci, ɗaya yana cewa fim ɗin Shazam na biyu shirme ne ɓata data kawai, ɗaya yana rantsuwa shi sau uku ya kalla kuma ko yanzu aka kunna zai zauna, sai ɗan yayata mai shekara 11 da ya raɓe a gefe yana jin su ya ce shi dai wallahi dodon nan na katako ya fi komai burge shi. Na juya wajen wanda ya ce shirme ne na tambaye shi me ya gani a ciki da bai yi masa ba, sai ya ce min "Yaya ai fim ɗin faɗuwa ya yi, ko kuɗinsa bai mayar ba." Na ce na ji, amma kai da idonka da ka kalla me ka gani? Ya yi shiru yana sosa ƙeya, can ya ce shi dai haka ya ga ana ta faɗa.

Amsar nan ta tsaya min a rai, domin ni ma ina da ƙorafi a kan fim ɗin, ƙorafi babba ma, amma ba shi ne wanda yaron nan ya ɗauko ba. Shi ya ɗauko hukuncin da aka yanke a kasuwar Amurka ne ya kawo shi Kano ya ajiye a kan benci, alhali dalilan da suka sa mutanen can suka ƙi zuwa silima kusan babu ɗaya da ya shafe shi.

Ga wanda bai san labarin ba: Shazam! na farko ya fito a watan Afrilun 2019, labarin wani yaro ne Billy Batson ɗan shekara 14 a birnin Filadelfiya, ɗan riƙo ne da yake ta gudu daga wannan gida zuwa wancan yana neman mahaifiyarsa, sai wani tsohon matsafi (Djimon Hounsou ne ya fito a matsayin, haifaffen Kwatano nan maƙwabtanmu) ya ba shi wani ƙarfi, da ya furta kalma ɗaya sai aradu ta faɗo masa ya rikiɗe ya zama ƙaton mutum mai tashi sama, amma hankalinsa na nan na ɗan shekara 14. Labarin tsoho ne sosai, tun 1940 ake buga shi a littattafan zane na yara a Amurka, a lokacin sunansa Captain Marvel, kuma akwai shekarun da ya fi Superman kasuwa har sai da masu Superman suka kai ƙara kotu aka dakatar da shi a 1953, daga baya su ɗin dai suka mallake shi. Abin da ya riƙe labarin nan sama da shekara 80 mafarkin kowane yaro ne, wato ka wayi gari ka fi ƙarfin wanda yake cin zalinka. Mu ma nan muna yara ai ba mu da hira sai ta layar zana da ɓaduhu, wa zai ɓace, wa ƙarfe ba zai kama shi ba. Shi ya sa fim ɗin bai sha wahalar shiga ran yaran Kano ba.

Na biyun, Shazam! Fury of the Gods, ya fito ranar 17 ga Maris 2023. Darakta ɗaya ne, David F. Sandberg mutumin Suwidin wanda asalinsa da fina-finan tsoro aka san shi, jaruman ma su ne dai, aka ƙaro bosawa mata guda uku 'ya'yan Atlas na tatsuniyar Girkawa, ciki har da Helen Mirren wadda ta taɓa cin kyautar Oscar, da Lucy Liu.

To maganar faɗuwa gaskiya ce, ba na musu. Na farko an kashe masa abin da bai wuce dala miliyan 100 ba ya tara sama da miliyan 360 a duniya. Na biyu an kashe masa sama da miliyan 110 ya tara wajen miliyan 134. Wani zai ce to ai ya mayar da uwar kuɗi har da ɗan ƙari, a'a ba haka lissafin yake ba, gidajen silima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, sannan kuɗin talla daban yake ba ya cikin wancan adadin, kuma tallan irin wannan fim ɗin shi ma miliyoyi ne masu yawa. Asara ce ƙuru-ƙuru. Tun kwana ukun farko aka gane inda aka dosa, na farko ya buɗe da wajen miliyan 53 a Amurka, na biyu ya buɗe da miliyan 30.

Amma fa ka lura, wanda bai sayi tikiti a kwana ukun farko ba ai bai ga fim ɗin ba balle ya ce ya yi kyau ko bai yi ba. Kuɗin buɗewa yana auna sha'awar zuwa ne. Kuma sha'awar ce aka kashe tun kafin fim ɗin ya iso. A watan Oktoban 2022 kamfanin da ya yi fim ɗin ya naɗa sabbin shugabanni biyu a sashen DC, wato sashen da yake kula da su Superman da Shazam, James Gunn da Peter Safran, a ƙarshen Janairun 2023 suka fito suka ce za su sake ginin duniyar jaruman nan daga tushe, kafin nan kuma an riga an sallami Henry Cavill daga matsayin Superman 'yan makonni bayan ya sanar da cewa ya dawo. Su masu kallon can an shafe shekaru ana koya musu cewa kowane fim tubali ne na wani babban gini, kana kallon wannan ne don ka fahimci wanda zai zo, to sai aka ce musu ginin ma rushe shi za a yi. Kamar a ce maka shiri mai dogon zango da kake bi duk sati an soke shi amma ga ragowar kashi ɗaya nan ka biya ka kalla. Da yawa suka ce bari ya sauka a intanet, kuma kuwa ko wata ɗaya bai cika ba ya sauka. Ga kuma ɗage ranar fitowa da aka yi ta yi, an saka shi a Disambar 2022 aka janye don kar ya yi karo da Avatar na biyu, ga shi kuma sai da suka nuna fitowar Wonder Woman, wata jarumar DC ɗin, a cikin talla, abin da ya kamata a ce ba-zata ne a ƙarshen fim, kowa ya ga alamar rikicewa.

Akwai masu cewa kawai duniya ce ta gaji da fina-finan jarumai masu tashi sama. Da ƙamshin gaskiya, an yi su da yawa har sun ginshi mutane. Amma wata uku kacal bayan wannan, kashi na biyu na Spider-Man ɗin zane, wanda shi ma labarin yaro ne ɗan sakandare, ya tara kusan dala miliyan 690, ya ninka na farkonsa kusan sau biyu. Ashe ba a gaji da yaran ba.

Sai maganar maki, wadda ita ce abokan ƙanina suka fi riƙewa. A shafin Rotten Tomatoes mai tattara sharhin fina-finai, na farko ya samu kashi 90 daga wajen masu sharhi, na biyu ya samu kusan 49, amma makin masu kallo ya haura 80. Daraktan da kansa ya fito ya ce a fim ɗaya ya samu maki mafi ƙanƙanta daga masu sharhi da kuma mafi girma daga masu kallo a duk aikin da ya taɓa yi, ya kuma ce zai koma fina-finansa na tsoro. Masu son fim ɗin sai su ɗaga 80 ɗin su ce kun gani, masu ƙinsa su ɗaga 49, kuma duka biyun ba su san me lambar take nufi ba. 49 ɗin nan ba wai an ba fim ɗin maki 49 bisa 100 kamar jarabawa ba ne, ana nufin cikin masu sharhi 100, 49 sun ce ba laifi 51 sun ce bai kai ba, ko da kuwa da ƙyar kowannensu ya karkata. Fim mai matsakaicin kyau wanda bai burge ba bai kuma ɓata rai ba, shi ne yake faɗawa daidai tsakiyar nan. Shi kuma 80 ɗin, su wa suka bayar? Waɗanda duk da surutun da ake suka tashi suka je suka biya kuɗinsu, wato masoyan na farko. Idan ka tsaya a ƙofar mai tsire ka tambayi waɗanda suke fitowa da ƙunshi ko suna son tsire ai ka san amsar da za ka samu. Akwai ma wani kamfani CinemaScore da yake tambayar mutane a daren farko suna fitowa daga silima, na farko sun ba shi A, na biyu B+, kuma a irin wannan fim ɗin da masoya ne suke cika daren farko, B+ alama ce ta cewa an ji daɗi amma ba za a je a matsa wa aboki sai ya zo ba. Ni wannan ce lambar da na fi yarda da ita.

Yanzu mu dawo gida. Ka tuna me ake ciki a Kano ranar 17 ga Maris 2023? Jajiberin zaɓen gwamna ne, washegari Asabar 18 aka kaɗa ƙuri'a, ranar Litinin aka faɗi sakamako har da dokar hana fita ta ɗan lokaci, ga wahalar canjin kuɗi da mutane suka kwana a layin banki suna sayen naira da naira a wajen masu POS, ga azumi da aka ɗauka ranar 23. Wa yake ta silima a wannan satin? Ko wanda ya saba zuwa ta Ado Bayero Mall da iyalinsa hankalinsa ba ya can. Mu fim ɗin nan ya same mu ne daga baya, wajen ƙaramar sallah da bayanta, a waya, daga shagon masu turawa ko daga wayar aboki, wani ma a tsakiyar fim biyar da aka zuba masa a memori lokaci ɗaya. Kuma yadda fim ya zo maka yana da hannu a yadda za ka ji shi. Ba'amurken da ya biya tikitin mutum huɗu da gugguru da lemo yana zama ne da ma'auni a hannu. Yaron da aka tura masa a kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa da wake ba, ya kwanta a kan katifa da abin sauraro a kunne, idan ya yi dariya sau biyar ya ga dodo ya ga faɗa, shi kam ya ci riba. Kuma shi bai san wani James Gunn ba, bai damu da ko za a yi na uku ba. Tun zamanin Plaza da Orion da El-Dorado haka muke kallo, fim ɗaya labari ɗaya, a tashi a yi hirarsa a hanya.

Shi ya sa na ga masu kallon nan gida sun kasu ne ba ta inda na can suka kasu ba. Ƙananan yara suna son sa, tsakani da Allah suke son sa, saboda dodanni da launi da yarinyar nan Darla, ƙanwar Billy a gidan riƙo, da take ba wa dawakai masu ƙaho alewar Skittles (wanda mu manya muka gane talla ce aka cusa mana a tsakiyar fim, kuma ta ɓata min rai). Samari masu bin shafukan Turanci sun haddace cewa ya faɗi. Sai kashi na uku, waɗanda na farkon ya taɓa musu zuciya, suka zo neman abin da suka bari ba su same shi ba. A nan nake.

Abin da ya sa na farko ya zauna a ran mutane, ni a ganina, ba tashi sama ba ne. Wurin nan ne da Billy ya gano inda mahaifiyarsa take bayan shekaru yana nema, ya hau bene ya ƙwanƙwasa ƙofa, duk tsawon rayuwarsa yana zaton shi ne ya ɓace mata a cikin taro, sai ta faɗa masa cewa ta hango shi a hannun 'yan sanda ranar, ta juya ta tafi da gangan, don tana ganin yarinya ce ba za ta iya riƙe shi ba. Ya miƙa mata ɗan abin wasan da ta ba shi ranar wanda ya adana duk shekarun nan, ta kalla ba ta ma tuna shi ba. Na kalli wurin nan da wata gwaggona wadda ba ta jin Turanci ina fassara mata, da aka zo nan sai ta ɗaga min hannu ta ce "bari ɗan nan, na gane," ta goge ido da bakin mayafi. Ita a hannun kishiyar uwa ta tashi. Mu a ƙasar Hausa riƙo ba baƙon abu ba ne, kusan kowane gida akwai ɗan 'yar uwa ko jika ko maraya ko agola, kuma duk mun san yaron da ake yi wa komai amma kullum a ɗarare yake, ba ya ƙara tuwo sai an ce ya ƙara, ba ya iya buɗe baki ya kira matar gidan da sunan da sauran yara suke kiranta. Fim ɗin Amurka mai barkwanci ya zo ya taɓa wannan jijiyar, shi ya sa muka riƙe shi.

Na biyun ya san da wannan, abin da ya fi ba ni haushi kenan. Sun ɗauko zare mai kyau: Billy ya kusa cika 18, kuma a tsarin can idan ɗan riƙo ya kai wannan shekarun hukuma tana iya zare hannunta daga ɗaukar nauyinsa, don haka yana tsoron gidan da ya samu da ƙyar zai suɓuce masa, sai ya bi ya ƙanƙame 'yan uwansa na gidan riƙo, ba ya son kowa ya yi wani abu shi kaɗai, su kuwa kowa ya fara girma yana neman hanyarsa, Mary tana tunanin karatun jami'a da ta bari, Freddy yana son a san shi da kansa. Wallahi wannan labari ne. Ko a nan da ba mu da dokar shekara 18, duk ɗan riƙon da ya fara gemu ya san ranar da zai fara tambayar kansa ko har yanzu yana da wuri a gidan nan. Da a kan wannan aka zauna da na yafe musu komai. Amma sai aka faɗe shi da baki a minti kaɗan na farko, aka ajiye, aka tafi neman sandar tsafi da tuffar zinare da wata bishiya da aka dasa a filin wasa tana haifar dodanni, sai can dab da ƙarshe aka tuna aka dawo aka sa ya kira Rosa, matar da take riƙonsa, da sunan uwa. Wurin ya taɓa ni duk da haka, amma da guzurin fim na farko ya taɓa ni, na biyun bai yi aikin da zai ci wannan ladan ba.

Kuma ga babbar matsalar da ko ɗan yayata sai da ya lura da ita ba tare da ya san ya lura ba. Muna cikin kallo ya ce min "Kawu wai ina yaron yake ne?" Yaron da yake fitowa a Billy, Asher Angel, da ƙyar ake ganinsa a fim ɗin, kusan duk tsawon awa biyu da minti goman nan Zachary Levi ne, wanda yake fitowa a ƙaton, a cikin jar riga. Kuma su biyun ba su yi kama da mutum ɗaya ba. Yaron in ya bayyana natsattse ne, mai ɗan nauyin baki, ka ga wanda rayuwa ta gasa. Da ya rikiɗe sai ka ga mutum ɗan shekara 40 da ɗoriya yana zare ido yana surutu ba birki kamar ɗan firamare. A na farko an yafe wannan domin ɗan shekara 14 ne ya tsinci kansa a jikin ƙato, dole ya yi rawar kai, kowa ma zai yi. Amma yanzu saurayi ne mai shirin cika 18, shekaru sun wuce yana da ƙarfin nan, ya kamata a ce ɗokin ya ragu. Sai aka samu akasi, yaron ya girma jarumin ya ƙara yarinta. Su ma masu kallon haka, wanda ya ga na farko yana aji biyu na ƙaramar sakandare, na biyun ya same shi yana shirin rubuta WAEC, ya canza murya ya canza abin da yake ba shi dariya, ya dawo ya tarar ana yi masa wasan da ya wuce. Wannan ita ce larurar duk fim ɗin da aka gina a kan yarinta, shekara huɗu a wajen babba ba komai ba ce, a wajen yaro kuwa wata rayuwa ce guda.

Ban ce babu abin yabo ba. Freddy, wanda Jack Dylan Grazer ya fito, shi ne ya ɗauki fim ɗin a kafaɗa, yaro mai sandar guragu da bakinsa ba ya shiru, kuma wurin da aka ƙwace masa ƙarfin da Billy ya raba wa 'yan uwansa tun a na farko ya tsaya a gaban bosawan nan a yadda Allah ya yi shi ya fi duk faɗan da aka yi a sama. Haɗa shi da tsohon matsafin nan a kurkuku ma ya yi daɗi. Inda aka bar yara suka zama yara fim ɗin yana numfashi.

Akwai kuma wani ɓangare da ba za ka gan shi a sharhin Turawa ba amma a nan shi ne farkon abin da babba zai tambaya. Sunan fim ɗin kansa fushin alloli yake nufi. Kalmar Shazam kuma haruffan farko ne na sunaye shida, hikimar Solomon, ƙarfin Hercules, juriyar Atlas, ikon Zeus, jarumtar Achilles, saurin Mercury. Biyar ɗin daga tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa suke, amma na farkon ai Annabi Sulaiman ne, alaihis salam. Babban yayanmu da ya ji wannan cewa ya yi a kashe, ba za a jera sunan Annabi da gumaka a falonsa ba, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan. A na farko abin bai fito fili sosai ba, sau ɗaya aka ambata aka wuce, a na biyu kuwa labarin gaba ɗaya a kan allolin ya tsaya, har da raha a kan cewa yaron ba shi da hikimar da aka ce an ba shi. Wasu za su ce ai mun shekara nawa muna kallon fina-finan Indiya da gumakansu ba wanda ya bar sallah, haka ne, amma can abin wasu ne kake kallo daga nesa, nan kuwa an taɓo sunan da yake namu. Ni abin da na yi, na zaunar da yaran na faɗa musu waye Annabi Sulaiman a wajenmu, mulkin da Allah ya ba shi da iska da aljanu da jin zancen tsuntsaye, na ce musu sauran sunayen nan tatsuniya ce irin ta Gizo da Ƙoƙi ta wasu mutane, waɗanda suka rubuta labarin a 1940 neman haruffan da za su haɗu su yi daɗin faɗa suke. Na fi son su ji daga bakina, domin ko na hana a gida wayar aboki tana nan. Wanda kuma ya zaɓi ya hana gaba ɗaya, gidansa ne, yana da hujjarsa.

Ƙarshen fim ɗin ma ya raba mu. Billy ya sadaukar da ransa ya mutu, har an binne shi, sai Wonder Woman ta zo ta gyara sandar ya tashi. Yaran suka yi tsalle, ɗaya yana cewa dama ai akta ba ya mutuwa. Ni kuwa sai na ji an ƙwace min wani abu, ba don ina son yaron ya mutu ba, fim ɗin yara ne na san ba za a bar shi a kabari ba, amma da a ce 'yan gidan ne suka dawo da shi, waɗanda ya yi ta tsoron rabuwa da su, da zaren nan da aka yar tun farko ya ɗauru. Sai aka ɗauko baƙuwa daga wani fim ɗin, wadda ba ta san komai a kan ciwon yaron ba, ta warware matsalar a minti biyu ta tafi, don dai a tuna wa masu kallo cewa akwai sauran jarumai a kamfanin, kamfanin da a lokacin ya riga ya sanar zai rushe komai.

Da dare ya yi nisa abokan ƙanina suka fara miƙewa, wanda ya ce shirme ne ya tsaya yana ɗaure takalmi, ya ce min "Yaya to kai yanzu a naka ganin ya yi kyau ko bai yi ba?" Na ce masa ya je ya sake kallon na farko, daga nan ya kalli na biyun a jere, ya ƙirga min sau nawa ya ga fuskar yaron, jibi in Allah ya kai mu ya zo mu yi magana. Ya ce na farkon ya goge tuntuni waya ta cika. Ɗan yayata ya zaro tsohuwar wayar babarsa daga aljihu ya ce yana da shi, duka biyun ma, ya kunna Xender ya tura masa.